Wata Shida a Zariya, da Littafin da Mu Ba Mu Rubuta Ba

 

Ya ku 'yan'uwanmu na ƙauyukan Jazira da na gaɓar Nil Azrak, tun daga kambobin da ke kewaye da Madani da Hasahisa har Mai Wurno da Sinja da Damazin, akwai wata tambaya da samarinmu da 'yan matanmu suke yawan kawo wa manya a 'yan shekarun nan. Da yawansu sun iya tsara labari a waya, wasu da Larabci wasu da Hausa, su tura wa abokai a karanta a yaba, bayan kwana biyu labarin ya nutse ƙarƙashin waɗansu saƙonni. Abin da suke son sani shi ne ta wace hanya rubutu irin wannan yake zama littafi mai bango, wanda za a ajiye a adaka jika ya zo ya tarar. Sun ji labarin abin da mutanen Hartum ke kira warsha, wato bitar marubuta, inda ake keɓe masu sha'awar rubutu na waɗansu kwanaki ko makonni tare da gwani, kowa ya rubuta, a karanta, a gyara, daga ƙarshe a kai maɗaba'a. Waɗansunsu suna zaton wannan gata ne na 'ya'yan birni da masu jin Turanci. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Littattafan hikaya na farko da aka buga da Hausa daga irin wannan zama suka fito, kimanin shekara casa'in ke nan, kuma ya kamata mu san yadda aka yi, domin a cikin labarin akwai gurbinmu da har yau ba a cike ba.

Inda hanya ta rabu

A watan Maris na 1903 Turawan Ingila suka shiga Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya fita ya nufi gabas, jama'a suka bi shi daga garuruwa masu yawa. A watan Yuli na shekarar aka gwabza a Burmi, ya yi shahada a can. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran mutane suka ci gaba da tafiya, har suka sauka Shaihu Ɗalha a bakin Nil Azrak a 1906, daga baya suka haye kogi suka kafa garin da ake kira da sunansa. Tun kafin su, da kuma bayansu, maniyyata sun yi ta ratsowa da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan, suna nufin Sawakin su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa sun yada zango don su yi noma su tara guzuri, zangon ya zama gida. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aka buɗe aikin noman Jazira, auduga ta bukaci hannuwa, sai ayari ya yi ta biyo ayari.

A daidai waɗannan shekaru wani abu yana faruwa a ƙasar da aka baro. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, ana koyar da Hausa da baƙaƙen boko. A farkon shekarun 1920 aka buɗe Kwalejin Katsina don horar da malamai. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda a 1933 ta zama Hukumar Talifi, mazauninta Zariya. Wato a sa'ad da kakanninmu suke haƙa tur'a suna tsinkar auduga, harshensu ya sami sabon alƙalami a can yamma, su kuwa ba sa wurin. 'Ya'yansu sun shiga halwa sun haddace Alƙur'ani, jikokinsu sun shiga makarantun gwamnati da Larabci. Da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, kunnenmu ya sake haɗuwa da Hausar yamma, amma idonmu bai haɗu da littattafanta ba. Shi ya sa za ka sami dattijo a Jazira wanda ya san muryoyin masu karanta labarai ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa riƙe Magana Jari Ce a hannunsa ba.

Baturen da ya fita neman marubuta

Shugaban Hukumar Talifi wani jami'in ilmi ne, Dokta Rupert East. Ya lura cewa makarantu suna yaye yaran da suka iya karatun boko, amma in sun bar aji ba su da abin karantawa sai littafin lissafi da na kiwon lafiya, kuma wanda ba ya karatu ba a jimawa yake manta baƙi. Saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa, yana tara malamai da tsofaffin ɗaliban Katsina, yana roƙonsu su rubuta ƙagaggen labari mai kimanin kalmomi 20,000, da alkawarin lada ga wanda ya yi fice da kuma buga littafinsa.

A wani bayani da ya rubuta a 1936, East ya ce abin da ya fi ba shi wuya shi ne shawo kan malamai su yarda cewa aikin ya cancanci a yi shi. A wurinsu tatsuniya hirar mata da yara ce bayan sallar lisha, alƙalami kuwa na fiƙihu ne da tauhidi da tarihi da wasiƙun sarakuna. Babban mutum ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba, wannan ya yi musu kama da ƙarya. Mu da muka tashi a gaban allo mun san wannan ƙyama, har yanzu tana nan a zaurukanmu. Amma waɗanda suka amsa kiran ba jahilan addini ba ne. Abubakar Imam ɗan gidan malamai ne na Kagara, kuma shi da kansa ya faɗi cewa Maƙamatul Hariri, wanda ake karantawa a zaurukan ilmi don koyon luga, yana cikin abin da ya ba shi haske wajen tsara labarinsa. Wanda ya karanta Hariri ya san malamai sun daɗe suna ƙaga mutum su sa masa magana a baki don su koyar da hikima, ba wanda ya kira su maƙaryata.

Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa. Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da abokin adawarsa Malam Zurƙe. Wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa tana nema. Muhammadu Gwarzo ya rubuta Idon Matambayi. Na biyar, Jiki Magayi, sunaye biyu ne a bangonsa, John Tafida da East kansa, abin da ke nuna iyakar inda hannun mai gyara ya shiga. Waɗannan malamai ba su taɓa rubuta littafin hikaya ba, ba su kuma taɓa ganin wani da Hausa ba balle su kwaikwaya. Abin da ya fitar da su kunya shi ne akwai wanda ya zauna ya karanta abin da suka aiko, ya bi shi da gyara, akwai kuma injin bugawa yana jira.

Wata shida

East ya ga alamar baiwa a wurin Imam, ya kuma ga cewa aike da wasiƙa ba za su isa su reni wannan baiwa ba. A 1936 aka ɗauko Imam daga aikinsa na koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara ashirin da biyar, aka kawo shi Zariya na wata shida, ba shi da wani aiki sai karatu da rubutu. East ya tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe dabam dabam, irin su Alfu Laila wa Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa da na Indiya. Imam ya karanta, ya rubuta, East ya duba, su tattauna, ya koma ya sake. A ƙarshen zaman aka sami Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har yau ɗaliban Hausa ke karantawa daga Sakkwato har Damagaram.

Wanda ya karanta littafin ya san Imam ba fassara ya yi ba. Yakan ɗauko hikayar da aka haifa a Bagadaza ko a Jamus, ya tuɓe mata tufafinta, ya sa mata riga da rawani, ya zaunar da ita a fadar sarkin Hausa tsakanin waziri da dogarai da 'yan kasuwa, har mai karatu ya rantse a garinsu abin ya faru. A littafi na ɗaya aku ne yake tsare Musa ɗan sarki da labari kowane dare, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun waziri. A na uku kuwa akun nan, bayan ya zama waziri, shi ne yake zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa yadda ake ba da labari, yana gyara masa inda ya kauce. Kamar dai Imam ya ɗauki zamansa na Zariya ne ya saka a bakin tsuntsu, don ya nuna cewa iya magana sana'a ce da ake koyo a gaban wani.

In muka duba abin da wata shidan nan suka ba shi, za mu ga abu uku ne, kuma ba sihiri a ciki. An ɗauke masa neman abinci na wani lokaci ƙayyadadde, hankalinsa ya taru wuri ɗaya. An ba shi makarancin da ba ya jin nauyin ce masa nan ba daidai ba ne. An kuma tabbatar masa cewa abin da ya rubuta ba zai kwana a akwati ba. A wannan shekara ta 1936 ne Jami'ar Iowa ta Amurka ta kafa bitar marubutanta, wadda ta zama abin koyi ga irin waɗannan bitoci a duniya. Saboda haka a shekarar da Amurkawa suka fara, Bahaushe yana zaune a Zariya yana irin aikin. Bayan shekara uku, a watan Janairu na 1939, aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya gefen. Hukumar Talifi ta gwamnatin mulkin mallaka ce, bukatarta ita ce littattafan da za su ciyar da makarantun boko. Ajami, wanda malamai suka yi fiye da ƙarni suna rubuta waƙoƙin Hausa da shi, an bar shi a gefe. Abin da Turawa ba za su so ji ba kuwa bai sami ƙofa mai faɗi ba. Ku dubi Ganɗoki. Jarumi ne da ya yaƙi Turawa, da aka rinjaye su ya ƙi miƙa wuya, ya nufi gabas da ɗansa, wato hanyar da kakanninmu suka biyo. Amma da ya fita ƙasar Hausa sai labarin ya shige duniyar aljannu da dodanni, daga ƙarshe ya komo gida ya tarar mulkin Turawa ya kafu, ya sassauto. Marubucin bai san abin da ke gabas ba sai ta hanyar ji, don haka ya cike gurbin da almara. Waɗanda suka yi tafiyar da ƙafafunsu ba aljannu suka tarar ba. Ƙishirwa suka tarar tsakanin Abeshe da Jinaina, da kaburburan 'ya'yansu a gefen hanyar Fashir da Ubayyid, da laka mai kama ƙafa a hawashar wani. Su ne Ganɗokin da bai koma ba, kuma ba wanda ya zaunar da ɗayansu wata shida ya ce ya rubuta.

Abin da ya biyo baya

Tarihin shekarun da suka biyo ya ƙara tabbatar da darasin. Duk lokacin da aka sami mai kira da mai gyara da mai bugawa, littattafai sukan fito. In ɗaya ya janye, sai a ji shiru. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga littattafai masu yawa don Yaƙi da Jahilci, da aka rufe ta a 1959 ruwan ya ja baya. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, amma ƙarfinsa ya tafi ga littattafan makaranta. Sai da kamfanin ya sa gasa a ƙarshen shekarun 1970 sannan aka ga sababbin sunaye a 1980: Sulaiman Ibrahim Katsina da Mallakin Zuciyata, Magaji Ɗambatta da Amadi Na Malam Amah, da Hafsatu Abdulwahid da So Aljannar Duniya, wadda ita ce mace ta farko da aka buga wa littafin hikaya da Hausa. Gasar da gwamnatin tarayya ta sa a farkon shekarun 1980 ita ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa. Marubutan nan suna nan tun kafin gasar, abin da babu shi ne ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Daga tsakiyar shekarun 1980 matasan Kano suka gaji da jiran ƙofa. Tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni sun daina karɓar sabon marubuci, sai suka kafa ƙungiyoyinsu, irin su Raina Kama da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. Suna haɗuwa su karanta wa juna, wanda ya riga ya buga ya nuna wa na baya hanyar maɗaba'a da ta 'yan kasuwa, a bayan littafin ɗaya a jera sunayen littattafan sauran. Daga cikinsu Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu kuma, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda a 2012 aka buga fassararsa ta Turanci a Indiya. Masana sun yi ta muhawara a kansu a jaridu, Malam Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, waɗansu suka tsaya musu. Kowane ɓangare yana da hujja. Ƙungiyoyin sun nuna cewa talakawa suna iya buga littafinsu ba tare da Bature ko gwamnati ba, sun kuma jawo dubban matan aure cikin karatu. Amma inda aka rasa mai gyara mai tsanani, an sami littattafai da yawa da aka buga da gaggawa, aka karanta sau ɗaya aka manta.

A zamaninmu ma hanyar ba ta sake ba. A 2009 masu kyautar hikayar Larabci ta duniya suka fara abin da suka kira Nadwa, suka keɓe matasan marubuta takwas a wani tsibiri na Abu Dabi tare da gwanaye biyu, cikinsu har da Mansur Suwayyim ɗan Niyala, aka buga abin da suka rubuta cikin littafi ɗaya. A 2016 BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata zalla, kuma labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira yake. Wanda ya kwana a makaranta ko a tanti cikin shekarun nan ya san cewa irin wannan labari muna da shi fiye da yadda muke so.

Gidanmu ya san wannan aiki

Kada wani ya ce sai mun aro wannan tsari daga waje. Jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba a kaɗaice suka yi talifi ba. Shehu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello suna rubutu suna duba na juna, wani ya yi sharhi a kan na wani. Nana Asma'u da ƙanenta Isa sun mayar da waɗansu waƙoƙin mahaifinsu daga Fulfulde zuwa Hausa, an kuma yi wa waɗansu tahmisi. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Bello a 1837, Asma'u da mijinta Waziri Giɗaɗo suka duƙufa wajen rubuta abin da suka gani da abin da suka ji daga waɗanda suka yi zamani da Shehu, don sun ga shaidu suna ƙarewa. Asma'u ta kuma naɗa jajis, mata masu ilmi, tana koya musu waƙoƙinta su kai wa matan ƙauye, su ne 'Yan Taru. Ba su da injin bugawa, sai suka mai da hannuwan almajirai da ƙirazan mata maɗaba'arsu.

Halwar da muka yi karatu a cikinta ma haka take. Malam ya yi ramiya, almajiri ya rubuta a allo, ya kawo a duba masa baƙi da wasali, a ja layi inda ya ɓata, ya je ya maimaita a bakin wuta, sannan ya zo ya yi arda a gaban jama'a. Ba wanda ya taɓa jin haushi don an gyara masa allo, kuma ba wanda ya zama alaramma ba tare da an gyara masa sau dubu ba. Ladabin da ake bukata a bitar marubuta ke nan, mu kuwa da shi aka yaye mu.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane amfanin wannan. Abin da aka sani na shaihunnan zamanin Funj, mafi yawansa daga Ɗabaƙat na Wad Daifallah ne. Tarihin sarakunan Sinnar kuwa wani magatakardan rumbun hatsin gwamnati ne ya zauna ya rubuta, har yau da laƙabin aikinsa ake kiran littafin, Katibus Shuna. Babikir Badri, wanda ya buɗe makarantar 'yan mata a Rufa'a a 1907, ya bar tarihin rayuwarsa a rubuce, jikokin jikokinsa suna karantawa. Mu kuwa an rubuta mu, ba mu rubuta kanmu ba. Mark Duffield ya buga littafi a kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba ya buga nasa a kan maniyyatan da suka zauna Jazira a 1995, duka da Turanci. Ɗan ƙasarmu Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum ya yi aiki mai girma, littafinsa na 1999 a kan yadda Hausar Sudan take cuɗanya da Larabci ya isa abin godiya. Amma waɗannan bincike ne na masana, don masana. Ba su ne muryar tsohuwar da ta taho a bayan jaki tana 'yar shekara bakwai ba.

Abin da ya rage gare mu

Mu da aikinmu shi ne riƙe wa dattawa alƙalami, muna rubuta musu wasiƙu da takardun sulhu da na gado, mun fi kowa sanin abin da ke tafiya ƙasa tare da kowane dattijo da aka binne. Waɗanda suka yi tafiyar ƙafa sun kusa ƙarewa, saura waɗanda suka ji daga bakinsu, su ma furfura ta rufe su. Fitinar Nil Azrak ta watan Yuli da Oktoba na 2022 ta ci rayuka masu yawa, ta raba dubban mutane da gidajensu, a cikinta kuma aka yi ta jefa mana tambayar yaushe muka zo, me muka taɓa yi wa ƙasar nan. Yaranmu sun amsa da saƙon murya da gajeren rubutu a Facebook, iska ta kwashe. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya iso Madani a Disamba na shekarar, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, mutane suka fita da abin da hannu zai iya ɗauka. Allah kaɗai ya san yawan takardun ajami da wasiƙun kakanni da suka salwanta a cikin adakokin da aka bari.

Saboda haka shawararmu ga masu unguwanni da limamai da malaman makaranta da 'yan kasuwarmu ita ce a kafa irin zaman Zariya a nan, daidai ƙarfinmu. Ba ma iya wata shida, amma muna iya mako uku a lokacin da aikin hawasha ya yi sauƙi. A zaɓi mutum takwas waɗanda aka riga aka ga rubutunsu, a ba su zaure ɗaya, unguwa ta ɗauki abincinsu kamar yadda take ɗaukar na almajiran halwa. Mata su yi nasu zaman a cikin gida da jagorarsu, yadda 'Yan Taru suka yi. Da safe kowa ya rubuta, bayan la'asar a karanta da ƙarfi a gaban sauran, domin kunnen Bahaushe yana kama gurguwar jimla tun kafin ido ya gan ta. Kwana biyu a mako a kawo dattijo ko tsohuwa a yi musu tambayoyi, a naɗi muryarsu da izninsu. A nemi masu gyara biyu, ɗaya wanda ya ƙware a Hausar boko, ɗaya wanda ya san Larabci da ajami, a kuma ba su ikon cewa a sake. In ba a same su a kusa ba, intanet ta kawo Kano da Zariya cikin aljihu, kuma a jami'o'in can akwai malaman Hausa da za a iya roƙa su duba rubutu.

Sharaɗi mafi girma shi ne kada a fara sai an san inda za a buga. A tara kuɗin tun kafin ranar farko, ko da na kofe kaɗan ne, littafi ɗaya da ya haɗa aikin mutum takwas ɗin, sannan a sa shi a waya, a kuma karanta shi da murya don waɗanda ba sa karatu. Zaman da ba a ƙare shi da littafi ba, hira ce aka yi.

Game da baƙaƙe, kada mu maimaita abin da aka yi a Zariya na zaɓar ɗaya a yar da ɗaya. Kowa ya rubuta da abin da hannunsa ya saba, a wurin bugawa a sa boko a shafi ɗaya, ajami a shafin da ke kallonsa, don dattijon Mai Wurno da ɗalibin Kano su karanta littafi guda. Game da harshe kuma, mai gyara ya gyara ginin labari da ƙa'idar rubutu, amma kada ya share hawasha da tur'a da kambo don bai san su a Hausar Kano ba. Waɗannan kalmomi gumin kakanninmu ne ya shigo da su, su ne shaidar inda Hausa ta kai.

Su kuma masu rubutun, muna yi musu nasiha da kada su mai da littafin takardar ƙara ko ta yabon kai. A rubuta alhajin da ya yi shekara arba'in yana cewa baɗi zai ƙarasa Makka, har aka binne shi a bakin tur'a. A rubuta masuncin Rusairis, da yarinyar kambo da ta kai Jami'ar Jazira, da maƙwabcin da ba Bahaushe ba wanda ya ɓoye iyali a ɗakinsa daren tashin hankali. A rubuta kuma abin da ke tsakaninmu na rashin adalci, na auren dole da cin gadon marayu da raina mai ƙaramin asali, domin Shaihu Umar bai ɓoye cinikin bayi ba, shi ya sa har yau ake gaskata shi.

Imam yana ɗan shekara ashirin da biyar aka ba shi ɗaki da lokaci da mai duba masa aiki. A kowane ƙauye namu akwai mai irin shekarunsa da ke rubutu a waya cikin dare, ba wanda ya sani sai abokansa. Duk wanda ya san irin wannan yaro ko yarinya, ya kai sunansa ga mai unguwa ko liman, a fara da ƙauyen da ya riga shiryawa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu lafiya, ya zaunar da ƙasarmu.